Tambaya da Amsa: Filat ɗina ya fito da zane-zane, filtar ce jabu ko kyamarar ce?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tunda damina ta ɗauke gajimare ya ja gefe masu ɗaukar hoton taurari suka fito da kayansu, saƙonnin da ke shigo min kusan duk kuka ɗaya ne, filat, filat, filat, musamman daga waɗanda suka sayi matsattsun filtocin nan na H-alfa da OIII da SII, shi ya sa na tattara su wuri guda a wannan watan. Ga wanda bai saba ba, filat hoton farin haske ne bai-ɗaya da kake ɗauka ta cikin teleskop ɗinka, ba tauraro ba komai, don manhaja ta gane inda kayanka ke cin haske, duhun kusurwa ne ko ƙura ce ko wani fiksel ne ya fi ɗan'uwansa jin haske, sai ta raba lambobin hoton sama da nasa a lissafi ta share su. Su kuma matsattsun filtoci ɗan siririn launi kawai suke bari ya wuce, ana kuma auna launin da nanomita, ma'aunin tsawon zangon haske, H-alfa a nanomita 656, SII a wajen 672, OIII a 501, faɗin abin da ke wucewa daga nanomita 3 zuwa 12 gwargwadon aljihunka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina tara kuɗi na sayi kyamara mono, wato mai ɗaukar baƙi da fari, mai sanyaya kanta da filtoci uku masu nanomita 3, to filat ɗin L da na R da G da B, wato faffaɗan filtocin farin haske da ja da kore da shuɗi, lafiya lau suke fitowa sumul, amma da na ɗauki na H-alfa wallahi sai da gabana ya faɗi, hoton duk ya cika da wani zane kamar saƙar tabarma ga kuma dabbare-dabbare na haske da duhu, na SII har ya fi muni, na OIII ne da ɗan sauƙi. Na goge filtar na sake gogewa ba abin da ya canza. Filtar ce jabu ko kyamarar ce ta zo da matsala in mayar tun da wuri? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka kar ka mayar da komai tukuna, kuma dan Allah ka daina goge filtar nan haka kar ka ƙarje ta a banza. Abin da ka kwatanta min ya fi kama da na sensar, kuma ba cuta ba ce, haka aka ƙera ta.

Sensa dai silikon ce, kuma haske ba zurfi ɗaya yake shiga cikin silikon ba. Shuɗi-koren nan na OIII kafin ya yi maikuron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, an shanye yawancinsa, shi kuwa ja mai duhu irin na H-alfa da SII sai ya nutsa sama da maikuron uku, to sensocin zamani da ake haskawa ta baya silikon ɗinsu siriri ne ƙwarai, sai wani kaso na jan hasken ya ratsa ya bugi ƙasa ya dawo ya gamu da wanda ke shigowa, a wani wurin su ƙarfafa juna a wani wurin su kashe wa juna kaifi, ya danganta da kaurin silikon ɗin a daidai wannan wurin, kuma ba masana'antar da za ta iya yin kaurin nan daidai wa daida daga wannan gefe zuwa wancan. Da filta mai faɗi irin R launuka ne birjik ke shiga lokaci guda, kowanne da nasa zanen, sai su cakuɗe su shafe juna ka ga sumul. Da ka matse zuwa nanomita 3 babu mai shafe wani, sai zanen ya fito fili ƙarara. Dalilin kenan da ka gan shi a jajayen biyu, OIII kuma ya yi maka sassauci. Masu kyamarar da ke ɗauke da sensa IMX294 sun daɗe da sabawa da filat ɗin H-alfa mai dabbare-dabbare kuma suna fitar da hotuna masu kyau abinsu.

Wasu za su ce maka ai haske ne ke kai-komo tsakanin filta da gilashin gaban kyamara. Ga irin wannan zanen ni ban yarda ba, don hasken fanel, allon hasken da ake filat da shi, da ya bi ta filta mai nanomita 3 ba ya iya riƙe takunsa fiye da wajen milimita 0.14, tazarar filta da sensa kuwa ana maganar milimita goma ko ashirin ne, ta yi nisa. Kai-komo tsakanin gilasai yana faruwa, ban ce a'a ba, amma abin da yake haifarwa daban ne, kewayen haske ne a jikin manyan taurari irin su Alnitak da ke gefen nebula ɗin Horsehead, wato wani gajimaren gas da ƙura a sararin samaniya, ko wata babbar da'ira mai haske a tsakiyar filat.

Sannan fa manhajar ma tana tsoratar da kai. Siril ko PixInsight ko NINA in suka nuna maka filat sukan ja hasken har ƙarshe don ka ga komai, bambancin da bai taka kara ya karya ba sai ya zama baƙi da fari. Ka ɗora mawus a kan wuri mai haske ka karanta lambar, ka koma kan mai duhu ka karanta, in ka ga misali 25,000 da 24,700 to duk tashin hankalin nan a kan kashi ɗaya cikin ɗari ne.

Ni a wurina muni ba laifi ba ne ga filat, aikinsa ma kenan ya kwaso duk munin da ke cikin kayanka, in ya fito tas-tas ma sai na fi zarginsa. Laifi shi ne munin da ke cikinsa ya saɓa da wanda ke cikin hoton sama. Don haka ga gwaji mai sauƙi, ɗauki filat 40 na H-alfa, haɗa 20 su zama babban filat, ka ɗauko guda ɗaya cikin ragowar ka gyara shi da wancan kamar dai hoton sama ne. In ya fito toka-toka bai-ɗaya ba zane sai ɗan tsaki-tsaki to shikenan, zanen a tsaye yake kuma yana goguwa. In kuma kana so ka san mai shi ka sassauta kyamarar ka juya ta digiri 90 ka bar faifan filtocin yadda yake, ka sake ɗauka, zanen da ya tsaya a inda yake a cikin hoto na sensa ne, wanda ya juya na filta ne ko na teleskop. Abu ɗaya dai da ba zan yafe maka ba shi ne ka ga na L ya fi kyau ka ce bari ka gyara hoton H-alfa da shi, kowace filta da nata filat ɗin, a gen ɗaya, wato saitin ƙarfin jin hasken kyamara, da sanyi ɗaya da wanda ka ɗauki sama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matsalata ba a filat ɗin take ba a bayan gyara take, na ɗauki nebula ɗin Rosette da H-alfa dare biyu, kafin in sa filat kusurwoyin hoton duhu ne kamar yadda aka saba, bayan na sa kuma sai suka koma fari fat sun fi tsakiya haske, har zobban ƙurar da suke baƙaƙe suka koma farare. Da filtar L ban taɓa ganin haka ba. Dak kam, wato hoton da ake ɗauka bakin teleskop a rufe, gaskiya ban ɗauka ba don an ce min kyamarata ba ta da hasken gefen nan da sensa kan yi da kanta, ba sai na wahala ba. Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, ai kin ba wa kanki amsa a jimlar ƙarshe. Wanda ya ce miki ba sai kin ɗauki dak ba rabin gaskiya ya faɗa, e sensoci irin IMX571 da IMX533 ba su da hasken gefe, amma dak ba wannan kaɗai yake cirewa ba. Kowace kyamara tana ƙara wata lamba a kan kowane fiksel tun kafin haske ya taɓa shi, ofset kenan, don kar lissafi ya faɗa ƙasa da sifili, kuma wannan lambar ba haske ba ce, ba ta bi ta cikin teleskop ba, duhun kusurwa bai shafe ta ba. In ba a cire ta ba aka raba da filat sai a ɗaga ta a kusurwa alhali ba a taɓa rage ta ba.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali ki gani da idonki. A ce ofset ɗinki 500 ne, kusurwa kuma kashi 70 cikin ɗari na hasken tsakiya take samu. Da H-alfa sama baƙa ce ƙirin, a ce hasken da ya shigo tsakiya 100 ne, kusurwa 70. Abin da kyamara za ta rubuta shi ne 600 a tsakiya, 570 a kusurwa. In an cire 500 tukuna, 100 a raba da 1 ya ba da 100, 70 a raba da 0.7 ya ba da 100, sun yi daidai. In ba a cire ba kuwa tsakiya 600, kusurwa 570 a raba da 0.7 ya ba da 814, ƙarin 214 kenan, ya ninka duk hasken saman da kika kwana tarawa sau biyu har da ɗoriya. Da filtar L kuwa inda hasken sama zai iya kai 5,000 wannan 214 ɗin dai yana nan amma bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, shi ya sa ba ki taɓa lura ba. Kuskuren tsoho ne, matsattsiyar filta ce kawai ta tona shi.

Maganin ba tsada, rufe bakin teleskop ki ɗauki dak mai tsawon hotunanki na sama, gen ɗaya ofset ɗaya sanyi ɗaya, shi kuma filat ki yi masa nasa dak ɗin mai tsawonsa. Ba sai kin koma kin sake ɗaukar Rosette ba, hotunan da kike da su za su gyaru. Ki duba kuma ko ofset ɗin ya canza tsakanin dare da safe, don yakan faru mutum ya ɗauki sama da wata manhaja filat da wata, kowacce da lambar da ta sa wa kyamarar, bayanan da ke kan fayil ɗin hoton na FITS sukan nuna.

In kin yi duk wannan har yanzu gefe na fari to sai mu fara zargin haske ɓarawo. Filat ɗin L ƙiftawar ido ne, na H-alfa kuwa yakan ɗauki daƙiƙa biyar ko goma, in da rana kike ɗauka a tsakar gida duk wata kafa a jikin faifan filtoci ko bututun fokas ko bayan madubin teleskop irin na Newton tana zuba haske da bai bi ta filta ba, kuma a wannan tsawon lokacin yana taruwa. Rufe bakin teleskop a ɗaki mai duhu ki sa ɗauka ta daƙiƙa 30 ki riƙa zagaya jikin kayan da tocila, inda lambar ta yi tsalle nan kafar take, baƙin tef na masu wayarin ya wadatar. Filtocin da ba su da firam, waɗanda ake ɗaurewa da ƙananan sukurori, su ma haske kan zagaya ta bakinsu, akwai 'yan zobban roba baƙaƙe da ake sa musu don haka.

TAMBAYA: Yallaɓai ni da tablet nake filat, ina buɗe farin shafi in kifa a bakin teleskop. Na OIII yana fitowa da layi-layi a kwance, a daƙiƙa 0.05 nake ɗauka, na SII kuma da yake ɗaukar daƙiƙa 4 babu layin. Ko janareta ne don da shi nake aiki? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ƙanena janareta na iya sa hannu amma ni tablet ɗin na fi zargi. Yawancin sikirin da fanel masu araha in ka rage musu haske ba ragewa suke yi da gaske ba, kunnawa da kashewa suke yi da sauri sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ido ba ya gani. Ita kuma sensar CMOS layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa, a gajeriyar ɗauka wani layin ya dace da kunnawa da yawa wani ya dace da kaɗan, ga layukanka nan. A daƙiƙa 4 kowa ya samu rabonsa daidai shi ya sa SII ya tsira. Kwan lantarki mai araha ma haka yake, wutarmu a Nijar da Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kwan yana ƙyaftawa sau 100.

Ka buɗe filat ɗin ɗaya bayan ɗaya da sauri, in layukan suna yawo daga hoto zuwa hoto to ba na sensa ba ne. Sai ka rufe bakin teleskop ka ɗauki dak na daƙiƙa 0.05 ɗin, in layin ya ɓace laifin haske ne, in yana nan to nan ne za mu waiwayi janareta da adafta da wayar USB, ka gwada ɗora kyamarar a batir ka gani. Gyaran hasken kuwa juya tunaninka za ka yi, ƙure hasken tablet ɗin zuwa ƙarshe, sannan ka dusashe shi da farar takarda, ka yi ta jera su har ɗaukar ta kai daƙiƙa biyu ko uku tudun histogiram, zanen nan da ke nuna yawan hasken hoto, yana tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi. Kashe daidaita haske na kai-tsaye da yanayin dare, in ba haka ba sikirin zai canza maka launi kana tsakiyar aiki. Kar kuma ka yi mamakin SII yana cin lokaci, farin LED asalinsa shuɗi ne aka shafa masa sinadari mai ba da rawaya, jan da ke can 672 kaɗan ne a cikinsa.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Zobban ƙura ne suka hana ni sakat, ina yin filat kullum amma bayan gyara sai zoben ya fito kamar an tono shi, gefe ɗaya fari gefe ɗaya baƙi, kuma a SII da OIII ne kawai, H-alfa lafiya. Na wanke gilashin gaban teleskop tas bai hana ba. Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Alhaji gilashin gaba ba ruwansa, wahalar banza ka sha. Ƙurar da ke can gaba ta yi nisa da sensa, ba ta iya yin zobe, iyakarta ta rage haske kaɗan ta watsa shi. Mai yin zobe tana kusa, kuma zoben da kansa zai faɗa maka inda take in ka auna shi. Ƙirga faɗinsa a fiksel, ninka da girman fiksel ɗinka, ninka da lambar f ta teleskop, wato tsawon fokas ɗinsa a raba da faɗin gilashinsa, abin da ya fito shi ne nisan ƙurar daga sensa. A ce fiksel ɗinka maikuron 3.76 ne teleskop f/5, zobe mai faɗin fiksel 1,000 ya zama milimita 3.76, sau biyar kusan milimita 19, wannan a kan filta take. Mai faɗin fiksel 300 zai ba ka milimita biyar da ɗoriya, wannan tagar kyamara ce. Ƙananan ɗige-ɗige masu baƙi sosai kuwa a kan gilashin sensar kanta suke. Af, ramin da ke tsakiyar zoben inuwar ƙaramin madubi ce in Newton gare ka, mai teleskop na gilashi zalla faifai cikakke yake gani.

Yanzu zobe mai gefe fari gefe baƙi ma'anarsa ɗaya ce, ƙurar tana nan a hoto biyun amma ba a wuri ɗaya ba, filat ya haska inda babu inuwa ya bar inda take. Tunda a filtoci biyu ne ban da ɗaya, kuma in na canka daidai da H-alfa kake kwana ka wayi gari ka fara filat da ita ba tare da faifan ya motsa ba, to faifan filtocin ne ba ya komawa daidai inda ya tsaya jiya. Ba sai ya kauce da yawa ba, kaucewar milimita 0.1 kusan fiksel 27 ce a sensarka. Shiga saitin faifan ka sa shi ya riƙa juyawa ta hanya ɗaya tak, don in yana zuwa wa filta yau ta dama gobe ta hagu sassaucin haƙoran da ke juya shi zai ajiye shi wuri biyu, sannan ka sa ya sake daidaita kansa, ka kuma taɓa filtocin a hankali ka ji ko akwai mai girgiɗi a mazauninta.

In ba faifan ba ne to ƙurar ce da kanta ta yi tafiya, kuma a wannan lokacin na hunturu ba abin mamaki ba ne. Hazon nan da iska ke kwaso mana tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi gari ne laushi, ba inda ba ya shiga, ka ɗauki teleskop daga tsakar gida ka kai ɗaki ka jingine ƙwaya ɗaya ta gangara shikenan filat ɗin safe ya saɓa da hoton dare. Masu cewa filat ɗaya na yi musu wata uku a wata ƙasar suke, mu nan daga Nuwamba zuwa Maris ka yi shi a daren, kafin ka kwance komai, kafin ka taɓa fokas. Kuma ko ƙurar ta ba ka haushi kar ka share ta tsakanin hoton sama da filat, bari sai ka gama. In za ka share ka fara da famfon iska na roba, ba da baki ba, kar kuma ka sa ƙyalle kai tsaye don ƙurar hunturu da yashi a cikinta.

TAMBAYA: Malam a watan Agusta filat ɗina ya riƙa fitowa da wani baƙin tabo a tsakiya yana girma a hankali, yanzu kuma ya daina da kansa. In damu? Daga Jos.

AMSA: Raɓa ce ko ƙanƙara a kan tagar kyamara ko kan sensar, danshin damina ya gamu da sanyin da ka ƙure. Tabon da ke girma kana kallo kuma ya ɓace in ka kashe sanyaya ba ƙura ba ne. Kafin damina ta dawo ka busar da 'yan ƙwayoyin shan danshi da ke cikin kyamarar yadda takardarta ta ce, ka kunna hitar taga in tana da ita, ka riƙa saukar da sanyin a hankali cikin minti goma, kuma sifili ko biyar ƙasa da sifili ya ishi sensocin yanzu. Filat ɗin da aka ɗauka da tabon kuma a zubar.

TAMBAYA: Salam Malam, ina amfani da lensin kyamara 135mm a f/2 da kyamara mai launi da filtar nan mai ƙofa biyu, H-alfa da OIII, mai nanomita 3. Na yi dak na yi filat na yi komai yadda kuke faɗa, bayan hoton ya yi daidai amma nebula ɗin ja ya dusashe musamman ta gefe, abokina mai filta mai nanomita 7 ya fi ni samun ja alhali tawa ta fi tsada. Filat ɗin ne bai yi ba? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Wa alaikas salam. Wannan kam ko ka shekara kana filat ba zai gyara ba, don abin da ke faruwa filat ba ya ganinsa sam. Matsattsiyar filta shimfiɗu ne sirara da aka jera a kan gilashi, kuma launin da take bari ya wuce ya danganta da yadda haske ya faɗo mata, in ya zo a miƙe 656 ne, in ya zo a karkace sai ta zame zuwa ɓangaren shuɗi. A f/5 hasken da ya fito daga bakin gilashi karkatarsa ba ta kai digiri 6 ba, zamewar ba ta kai nanomita ɗaya ba. A f/2 karkatar digiri 14 ce, zamewar na iya kai wajen nanomita biyar gwargwadon ƙirar filtar, taka kuwa ɗaya da rabi kawai gare ta ta kowane gefe. Kenan hasken H-alfa da ya bi ta gefen lensin, wanda shi ne mafi yawa, filtar tana mayar da shi, ka sayi f/2 amma ga nebula tsakiyar gilashin kawai ke aiki, a kusurwar hoto kuma inda hasken ya ƙara karkata abin ya fi tsanani.

Me ya sa filat bai kama ba? Saboda fanel farin haske ne mai kowane launi, in filtar ta zame daga 656 zuwa 652 akwai haske a 652 ɗin ma, zai wuce abinsa, filat ya ce lafiya lau. Hasken gari da ke bayan hoton ma haka, shi ya sa bayan ya gyaru. Nebula kuwa layi ɗaya gare ta, in an zame an bar ta a waje. Abokinka da nanomita 7 yana da sarari, tsadar taka ba ta yi ƙarya ba, a f/5 ko f/7 za ta nuna masa ita ce babba.

Abin yi, ka rufe lensin zuwa f/2.8 karkatar ta sauko digiri 10 zamewar ta ragu da kusan rabi, ko f/4 in kana da haƙuri, ka gwada dare ɗaya ka kwatanta jan. Ko ka nemi filtar da aka ƙera musamman don tsarin f/2, an riga an tura ta gaba kaɗan don in ta zame ta faɗo daidai, ko kuma ka yi musanye da mai nanomita 7. Duk lambar f da ka zaɓa da ita za ka yi filat, in zoben lensin ya motsa ko da kaɗan ne duhun kusurwa ya canza, ni har tef nake cewa a manna masa tare da zoben fokas. Tunda kuma kyamararka mai launi ce, histogiram ɗin filat tudu uku zai nuna maka ba ɗaya ba, kar ka bi na tsakiya kawai, ka tabbata jan da yakan maƙale a hagu ya rabu da bango sosai, koren kuma bai je ya daki dama ba, in tazararsu ta yi yawa ka sa sikirin ɗin ya ɗan yi ja-ja maimakon fari sai su matso kusa da juna.